Bidiyon Baba Direba

A kantin maganin da take aiki Anti ake ce mata, a gida ƙannenta su ce Yaya, amma waɗanda suka san ta ta waya Anti Fiyano suke kiran ta. Sunan ya samo asali ne daga wani tsohon fiyano na lantarki da ta ɗauko ranar da aka rufe makarantar yaran da ke maƙwabtaka da kantin, aka fito da kayanta bakin titi. Lokacin ta haura arba'in, 'ya'yanta sun tasa, ba ta taɓa ɗora yatsa a kan abin kiɗa ba. Ta yanka filastar ciwo ƙanana ƙanana ta manna a fararen maɓallan, ta rubuta sunan kowanne da biro. Sai ta jingina waya a jikin gwangwanin madara tana kallon hannayen mutanen da ko yarensu ba ta ji, ta tsayar da bidiyo, ta gwada, ta mayar da shi baya. Maigidanta ya sha cewa tun da aka kawo abin nan gidansa ya koma tashar mota, ana ta danna hon amma ba a tafiya.

Ta daɗe kafin hannunta na hagu ya daina yi wa na dama gardama. Da abin ya zauna mata, mutane suka fara tambayar ta yadda ta yi, sai ta buɗe zaure a waya na manya zalla, waɗanda suka fara a makare irinta. Ta sa masa suna Gemu Ba Ya Hana. Matan ciki suka ce su dai ba su ga gemun ba, amma sun ji. Akwai tela, akwai 'yar sanda, akwai wani malamin lissafi da bai da fiyano sai kwalin da ya zana wa maɓallai. Kowa ya yi atisaye sai ya ɗauki bidiyo ya turo, ita kuma ta gyara masa. Dokar zauren ɗaya ce: abin da aka turo zaure, a zaure zai mutu. Da yake ba ta iya yanke dogon bidiyo ba, sai ta saka ƙaninta Auta, mai gyaran waya, ya riƙa taya ta. A tura masa dogon, ya datse, ya saka a zaure.

A cikin mutanenta babu wanda take ji da shi kamar Baba Direba. Tsohon direban babbar mota ne, ya ci ƙuruciyarsa a kan titi, sai shanyewar ɓarin jiki ta kama masa dama. Likita ya ce ya riƙa motsa yatsu, 'yarsa ta saya masa ƙaramin fiyano ta saka shi a zauren. Ya daɗe yana kallon na mutane bai turo nasa ba. Anti da kanta ta kira shi.

"Baba, ka turo mana. Babu mai gani sai mu, mu kuwa duk gurguwar tafiya muke yi."

Da kyar maganarsa take fita, amma ta ji ya ce, "To, Malama. Na yarda da ke."

Ya turo. Zauren ya yi ta yi masa barka kamar an yi haihuwa.

Bayan 'yan kwanaki, da hantsi, tana jera kwalaben maganin tari a kantar magunguna, sai ta ji abokiyar aikinta tana dariya har da dukan tebur.

"Anti, zo ki ga ɗan'uwanki a sana'a! Wallahi mutanen duniya ba su da dama."

Ta karɓi wayar tana murmushi. Murmushin bai kai ko'ina ba. Baba Direba ne zaune a bakin gado da farar singileti. Hannunsa yana rawa, ya sauka a kan maɓalli biyu maimakon ɗaya, sai aka saka kukan akuya. Ya sake gwadawa, aka sake saka kukan akuya. Daga nan aka jawo fuskarsa kusa, yawu yana gangarowa ta gefen bakinsa da ya karkace, hannun 'yarsa ya shigo da hankici ya goge. A sama an rubuta da manyan baƙaƙe: KAKA YA CE SAI YA ZAMA TAURARO. A ƙasa kuwa sharhi kamar ƙasa. Wani ya ce a karɓe fiyanon a ba shi carbi. Wata ta ce tun safe take kallo, cikinta har ya ƙulle.

Ba ta san lokacin da ta kife wayar a kan tebur ba. Ta shige ɗakin ajiya, ta tsaya a tsakanin katan-katan na ledojin ƙarin ruwa. Ta danna wayarta ta fara magana cikin zauren. Ta ce akwai munafuki a cikinsu, macijin ƙaiƙayi, mai cin amana da rana tsaka. Ta ce duk wanda ya fitar da bidiyon nan ba ta yafe ba, kuma ta yi nadamar sanin su gaba ɗaya tun da har a cikinsu za a samu irin wannan. Ta tura ba tare da ta saurara ba.

Kafin ta fito zauren ya kama da wuta. Tela ya rubuto cewa, "Anti, ba ki tambayi kowa ba kin haɗa mu kin wanke tas. Ni da girmana ba a yi min haka." Ya fita. Wasu suka bi shi. Malamin lissafi ya goge duk bidiyon da ya taɓa turowa. Tana cikin kallon sunaye suna ficewa sai ga kiran 'yar sanda.

"Anti, ki nutsu ki ji. Wanda aka saka mana a zaure hannu kawai ya nuna. Babu fuska, babu hankici. Wannan da ke yawo dogon ne, wanda ba a datse ba. Wa yake da dogon?"

Anti ta ji kamar an watsa mata ruwan zafi a baya.

"Ban ce komai ba fa," in ji 'yar sanda. "Tambaya na yi."

Ko izinin fita daga aiki Anti ba ta nema ba. Ta cire farar rigar aiki ta jefa a kan kujera, ta tari mota zuwa kasuwar 'yan waya.

Shagon Auta ɗan ƙarami ne a cikin wani layi mai cunkoso, gilashi a gaba cike da matattun wayoyi, fitila mai lanƙwasa a kan tebur. Ta same shi ya sunkuya a kan wata waya da ya farke, ɗan tsinken ƙarfe a hannunsa, ga faranti cike da ƙananan kusoshi da ya jera kowanne a gurbinsa. Ya ɗago ya washe baki.

"A'a, Yaya! Yau da kanki? Ko fiyanon ne ya koyi kiran waya?"

"Kai ne ka fitar da bidiyon tsohon nan?"

Ya sosa ƙeya. Ita ta goya shi, ta san wannan susar tun yana rarrafe.

"Yaya, tsaya in yi miki bayani. Ai alheri na yi miki. Kin duba masu neman shiga zaurenki kuwa? Tun jiya sun yi layi. Shekara nawa kina fama da mutanen nan ba wanda ya san da ke? Dare ɗaya na fito da ke."

"Da yawun bakin mara lafiya ka fito da ni?"

"Haba, wasa ne fa. Kowa ya san wasa ne. Shafina na barkwanci ne, ba shi kaɗai na taɓa sakawa ba. Ko sunansa ban faɗa ba."

"Fuskarsa fa? Ita ma ba ka faɗa ba? Mutumin nan ya girmi mahaifinmu. 'Yarsa ta turo maka don na ce kai ƙanina ne, amintacce ne. Da bakina na faɗa. Goge shi yanzu ina kallo."

Ya ɗauki wayarsa yana ƙunƙuni, ya danna, ya juyo mata da ita.

"Ga shi na goge. Amma gaskiya, Yaya, ya riga ya fita. Shafuka da yawa sun kwafa. Ki bar shi kawai, jibi wani abin zai fito a manta. Shi tsohon ma ina ya iya duba waya?"

Wannan maganar ce ta ƙarasa ta. Ta kai hannu ta share farantin kusoshin. Suka watse a ƙasa, wasu suka gangara cikin kwata. Ta ɗaga murya ta kira shi mara mutunci, mara tarbiyya, wanda ya sayar da kunyarsa don baƙi su tafa masa. Layin ya tsaya cak. Maƙwabtan shago suka fito, masu wucewa suka taru, nan da nan ta ga wayoyi sun ɗaga sama suna kallon ta.

Auta ya yi tsalle ya fito daga bayan tebur.

"Kai! Kai! Ku sauke wayoyin nan! Yayata ce! Wallahi duk wanda ya saka ta a wani wuri sai mun yi shari'a da shi!"

Ta juyo ta dube shi daga sama har ƙasa.

"Au, ashe ka san a sauke waya? Taka yayar ce mai mutunci? Shi don ba shi da ƙani a kasuwar nan?"

Ta ratsa mutanen ta wuce.

Kafin la'asar magana ta kai wa Inna, mahaifiyarsu, kuma ta bakin Auta ta kai. Inna ta aika a kira ta. Ta same su a falo, Inna a kan doguwar kujera da ƙafarta a kan matashi saboda ciwon gwiwa, Auta a ƙasa ya langaɓe kai kamar marayan ɗan rago.

"Ke yanzu da girmanki ki je kasuwa ki tara wa ɗan'uwanki jama'a?" in ji Inna. "Kin zubar masa da kayan aikin mutane. A kan me? A kan kiɗa?"

"Ba a kan kiɗa ba ne, Inna. Ya nuna miki abin da ya yi?"

"Ya ce wani hoto ne na wasa. Yaro ne, kuskure ne. Hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar."

"Yaro? Inna, mai 'ya'ya biyu ne yaro? Tun yana ƙarami in ya fasa abu sai a ce Auta ne, a bar shi. Ga shi an bar shi har ya fara fasa mutane."

Ta nemo bidiyon a wani shafin, don kuwa bai yi wuyar samu ba, ta miƙa mata. Inna ta gyara tabarau. Kukan akuyar ya cika falon. Da aka zo wurin hankicin sai Inna ta kawar da kai, ta ajiye wayar a kan cinyarta. Ita ta yi jinyar mahaifinsu a ciwonsa na ƙarshe, ta san wannan gogewar bakin.

"Kai," ta ce wa Auta, ba ta ko dube shi ba. "Gobe ka bi yayarka ka je ka durƙusa wa bawan Allah nan. In ba ka je ba kada ka ƙara tako min ɗaki."

Washegari suka tafi gidan Baba Direba. Gidan yana can ƙarshen wani layi, a bene na biyu, matakalar duk ta farfashe. 'Yar Baba Direba ce ta buɗe ƙofa. Mace ce mai sanyin magana a waya, amma yau idonta a bushe yake.

"Anti, da kin kira da na ce kada ki zo. Jikansa ya dawo daga makaranta yana kuka, yara suna yi masa kukan akuya. Tsofaffin yaran motarsa suna ta bugowa, wai jaje, amma kina jin dariya a muryarsu. Ko masallaci ya daina sauka."

Daga ciki aka yi gyaran murya. Ta matsa ta ba su hanya.

Yana zaune a bakin gadon nan dai, amma yau ya sa riga ya ɓalle maɓallinta har wuya. Fiyanon yana can saman kwaba, an naɗe masa wayar wutarsa. Anti ta durƙusa ta gaishe shi, ta fara ba da haƙuri, maganar tana sarƙe mata. Ya ɗaga hannunsa mai lafiya ya tsayar da ita.

"Malama." Kowace kalma sai ya yi kokawa da ita kafin ta fito. "Na yi tuƙi... har gashina ya yi fari. Ban taɓa kaɗe ko kaza ba. Ana girmama ni a tasha. Yau... akuya." Ya numfasa. "Ke kika ce babu mai gani."

"Ni na ce, Baba."

"To."

Bai ƙara ba. Ta gwammace ya zage ta. Ta juya ta harari Auta, ya matso ya durƙusa. Ya ce ya yi kuskure, sharrin shaiɗan ne, a yafe masa. Da ya tsaya a nan da wataƙila an rabu lafiya. Amma shirun ɗakin ya dame shi, sai bakinsa ya ci gaba.

"Baba, ni ina da shawara ma. In ka yarda mu ɗauki wani bidiyon, ni da kai, ina ba ka haƙuri kana dafa kaina. Wallahi sai ya fi wancan tafiya. Mutane suna son irin wannan, har taimako za a..."

Kofin ruwan da ke gefen gado Baba Direba ya sura da hagu. Hannun da ya saba juya sitiyarin babbar mota bai manta aikinsa ba. Kofin ya samu Auta a goshi, ruwa ya wanke masa fuska da riga.

"Fita!" Wannan kalmar ta fito tar, ba ta sarƙe ba. "Ku fita!"

A kan matakala Auta yana dafe da goshi yana cewa shi fa gyara yake nufi. Anti ta tsaya, ta fito da wayarta, ta cire shi daga zauren a gabansa.

"Daga yau hanyarka daban tawa daban. In mun haɗu wurin Inna, gaisuwa ce kawai, ita ma don Inna."

"Yaya, a kan bare za ki..."

"Rufe min baki kafin in nemo wani kofin."

Ta bar shi nan ta tari motarta ita kaɗai.

Da ta koma gida ta buɗe jerin masu neman shiga zauren. Sun taru kamar ƙudaje a kan miki. Wani har ya rubuto, "A saka ni, ina son in ga sauran tsofaffin." Ta bi su ɗaya bayan ɗaya tana korewa har babban yatsanta ya yi tsami. Maigidanta ya ce ai akwai yadda ake share su gaba ɗaya, ta ce ya bar ta, a haka take so. Sannan ta yi magana a zauren, ta faɗa musu ƙaninta ne, ta ce zagin da ta yi musu zalunci ne. Ta kira tela har sau biyu. Ya ɗauka a na biyun, ya ce ya haƙura, amma ba zai dawo ba, don shi yanzu ko fiyanon ya kalla sai ya ji kamar ana leƙen sa.

Zauren bai mutu ba, amma ya rame. Waɗanda suka rage suka daina turo bidiyo, sai murya kawai, wasu ma sai dai su rubuto tambaya. Ta ya za ka gyara wa mutum zaman yatsa ba ka ga hannunsa ba? Haka ta riƙa lalube kamar mai neman allura a duhu: wane yatsa kika sa a nan, wuyan hannunki a sama yake ko ya faɗi? 'Yar sanda ta koya mata yanke bidiyo da kanta. Ranar da ta iya, ta ga abin bai fi shan ruwa wuya ba, sai wani sabon takaici ya taso mata. A kan wannan ɗan abin ta miƙa amanar mutane.

Auta kuwa shafinsa bai rufe ba. Ta ji an ce ya koma saka na masu faɗuwa a kan babur. Inna takan ce, "Ku dai yi haƙuri da juna," ita kuma takan ce to, ta canza magana.

Bayan wasu watanni 'yar Baba Direba ta shigo kantin sayen maganin hawan jini. Ba ta san nan Anti take aiki ba, sai da suka haɗa ido. Suka gaisa sama sama. Anti ta ɗauko maganin ta saka a leda, ta kasa sakin ledar.

"Ya jikin Baba?"

"Da sauƙi."

"Fiyanon fa?"

"Ya sa an sauko masa da shi. Yana taɓawa. Amma sai ya kori kowa, ya sa an kwashe wayoyi an kai falo, ya rufe ƙofa. Ta bango muke ji."

"Yana ci gaba kuwa? Hannun yana..."

"Ban sani ba, Anti. Ni ban iya ba, kuma ba ya bari a tambaya."

"Ki gaishe min da shi. Ki ce masa in yana so in zo da kaina, ba waya, ba kowa."

Matar ta zare ledar daga hannunta a hankali.

"Ba zan ma ce masa na gan ki ba. Ranar da aka ambaci zauren nan a gidan bai ci abinci ba."

Ta fita. Anti ta bi ta da kallo ta gilashin ƙofa har ta tsallaka titi. Wani mutum yana ta miƙo mata takardar likita yana cewa baiwar Allah, sauri nake yi. Ta karɓa ta duba, rubutun yana rawa a idonta. Ta je ta ɗauko masa maganin, ta dire shi a gabansa da ƙarfin da ya sa mutumin ya ja da baya yana tambayar ko lafiya.